Me ya sa bincike ke kasa gano "ƙasa" a rubutun Hausa?

Ka buɗe wani dogon rubutu na Hausa a kwamfuta, ka shiga wurin bincike ka rubuta "ƙasa". Za ta haska maka wasu wurare, amma da idonka kana ganin kalmar a layukan da ta tsallake. A wani layi an rubuta "kasa", a wani "k'asa", a wani "qasa", a wani "}asa", kai har "Æ™asa" za ka gani idan rubutun ya sha yawo daga wannan shafi zuwa wancan. Ga mai karatu duk kalma ɗaya ce. Ga kwamfuta kuwa abubuwa 6 ne daban.

Akwai fanni guda a ilimin kwamfuta da ke nazarin jeren haruffa: yadda za a nemo gajeren jere a cikin dogo, yadda za a auna kusancin jere biyu, da yadda za a tsara rubutu mai yawa don a riƙa tambayarsa cikin ƙiftawar ido. Littattafan fannin kan soma ne daga maganar sauri. A ganina mai aiki da Hausa ya kamata ya soma daga wata tambayar: yaushe ne haruffa biyu suke "iri ɗaya"? Idan aka yi kuskure a nan, saurin da za a samu daga baya saurin ba da amsa mara daidai ne.

Kwamfuta lamba take gani, ba harafi ba. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ kuma U+01B4. Wajen adanawa a fayil kusan kowa yanzu UTF-8 yake amfani da shi, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992. A cikinsa, inda ake auna wurin ajiya da bayit, k bayit 1 take ci, amma ƙ bayit 2 ce, C6 99. Haka ɗ, C9 97, da ɓ, C9 93. Daga nan "Æ™" ta samo asali: wata manhaja ce ta karanta waɗannan bayit 2 da tsohon tsarin Windows-1252, inda C6 ke nufin Æ, 99 kuma ™. Shi ya sa ɗaya ke komawa "É—aya", ɓarna ta koma "É“arna". Gyaran ba shi da wuya: a mayar da rubutun zuwa bayit ta hanyar Windows-1252, sannan a sake karanta bayit ɗin a matsayin UTF-8. Sai dai babban Ɓ yakan ƙi gyaruwa. Bayit ɗinsa C6 81 ne, kuma 81 ba ta da harafi a Windows-1252, don haka manhajoji da yawa kan jefar da ita ko su sa alamar tambaya a gurbinta. Idan ka ga Æ ita kaɗai a farkon kalma, galibi Ɓ ce ta lalace, kuma da hannu ko da jerin kalmomi za ka maido ta.

Kafin komai, kada ka taɓa ainihin rubutun. Ajiye shi yadda ya zo, ka yi kwafi na biyu wanda a kansa za a yi bincike. Duk gyare-gyaren da zan ambata a kan kwafin ake yin su, kuma dole kalmar da mutum ya rubuta a wurin bincike ta bi ta cikin gyare-gyaren nan sak, a jere ɗaya. Yawancin binciken da ke dawowa ba komai, dalilinsa an gyara ɓangare ɗaya an manta ɗayan.

Bayan gyaran lalatattun haruffa sai alamomin karin sauti. A ƙamus da rubutun masana harshe za ka ga à ko â, kuma Unicode na da hanya biyu ta rubuta à: ko harafi guda U+00E0, ko a tare da alamar U+0300 a bayanta. A ido babu bambanci, a bayit akwai. Tsarin daidaitawa na NFD yana warware kowane irin wannan harafi zuwa gindinsa da alamarsa, daga nan sai ka share duk abin da ke tsakanin U+0300 da U+036F. Mutane da yawa kan ɗauka wannan matakin zai mayar da ƙ zuwa k. Ba zai yi ba. A wurin Unicode ƙugiyar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ jikin harafin ce, ba alama ce da aka ɗora ba, don haka NFD ba ya taɓa su. Kuma daidai ne hakan, domin a Hausa baƙaƙe ne masu zaman kansu: baki ba baƙi ba ne, kura ba ƙura ba ce, bari ba ɓari ba ne.

Sai hamza, wadda ita ce ta fi ba da wahala. Akwai miƙaƙƙiya ta kibod, U+0027, akwai lanƙwasassu guda biyu, U+2018 da U+2019, akwai U+02BC, wasu ma da alamar da ke ƙarƙashin maɓallin Esc suke rubuta ta. Manhajar rubutu kan lanƙwasa ta da kanta, kuma tana ɗaukar ta farkon kalma a matsayin buɗe zance, sai ka tarar da 'ya'ya ɗauke da hamza iri biyu a kalma guda. Mayar da su duka zuwa guda ɗaya. A wannan matakin ne kuma za ka haɗa rubutun Nijeriya da na Nijar, tunda a Nijar ƴaƴa ake rubutawa, a Nijeriya kuma 'ya'ya. Zaɓi ɗaya a kwafin bincike. Ni na fi son ƴ, saboda manhajojin da ke yanka rubutu kalma-kalma suna yawan zubar da hamzar farkon kalma, wasu ma su raba ma'aikata gida biyu, "ma" da "aikata".

Manya da ƙananan haruffa ma akwai tarko. A haruffan Ingilishi tazarar babba da ƙarami 32 ce kullum, kuma tsofaffin manhajoji da yawa wannan lissafin kaɗai suka sani. Tsakanin Ƙ da ƙ tazarar 1 ce, tsakanin Ɗ da ɗ 205, tsakanin Ɓ da ɓ 210. Misali, SQLite, manhajar rumbun bayanai, yadda yake zuwa ba tare da ƙari ba, umarninsa na ƙanƙanta haruffa da na LIKE haruffan Ingilishi kawai suka sani, saboda haka "ƙasa" ba za ta gano "Ƙasa" ta farkon jimla ba. Irin wannan ce ke faruwa a JavaScript da alamar iyakar kalma, \b: ba ta ɗaukar ɗ a matsayin harafi. Ka nemi cikakkiyar kalma "aya", sai ta kawo maka kowace "ɗaya" da ke cikin littafin, ka nemi "ara" ta kawo "ƙara".

Tsofaffin hanyoyin rubuta ƙugiya su ne ke buƙatar hankali. Kafin Unicode ya yaɗu an yi amfani da wasu nau'o'in haruffa na musamman inda ake danna q, x da v su fito a matsayin ƙ, ɗ da ɓ, wasu kuma alamomin baka irin } da ] da ~. Da zarar an kwafe rubutun zuwa intanet sai asirin ya tonu: qasa, xaya, varna. Masu rubuta labarai a waya kuma sun saba da k', d', b'. Mayar da waɗannan abu ne mai sauƙi, amma kada a yi shi ido rufe. Idan ka ce duk d' ta koma ɗ, "had'a" za ta gyaru, amma bid'a za ta koma biɗa, kuma kalmomi ne daban. Idan ka ce duk q ta koma ƙ, ka ɓata Qatar da sauran baƙin sunaye. Hanyar da ta fi aminci ita ce a duba fayil ɗin gaba ɗayansa tukuna: idan babu ƙ ko ɗaya a ciki amma q ta cika shi, to tsohon salo ne, a juya shi, tare da jerin kalmomin da aka keɓe. Mai aiki da ajami ma yana da irin nasa: kaf iri biyu, U+0643 da U+06A9, ya iri biyu, U+064A da U+06CC, ga kuma layin jan harafi U+0640 da ba ya ɗauke da wata ma'ana.

Saura babbar matsalar: mutane da yawa ba su da ƙugiya a kibod ɗinsu, "kasa" za su rubuta ko ƙasa suke nufi. Mafita ita ce maɓalli biyu ga kowace kalma, ɗaya da ƙugiyarsa, ɗaya an sauke ta. A yi bincike da saukakken don kada a rasa komai, sannan a jera sakamako ta yadda wanda ya dace har da ƙugiya zai hau sama. Masu amfani da manhajojin bincike na Lucene ko Elasticsearch suna da matatar asciifolding wadda ke sauke ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, kuma tana da zaɓin riƙe asalin kalmar a gefe. A kunna wannan zaɓin. In ba haka ba mai neman baƙi da mai neman baki abu ɗaya za su samu, kuma babu yadda za a yi a fifita wani.

To, yanzu maganar sauri.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora abin nema a farkon rubutu, a gwada harafi da harafi, in an sami saɓani a matsa gaba da taki 1 a sake daga farko. A rubutu na yau da kullum wannan ba laifi, domin yawanci a harafin farko ake saɓawa. Matsalar tana ga rubutu mai maimaici. A ce rubutun "a" ce sau miliyan 1, abin nema kuma "a" sau 999 sannan "b". A kowane matsayi sai an gwada haruffa 1,000 kafin a gane ba shi ba ne, jimla kusan gwaji biliyan 1. Kada a ce ai ba wanda zai rubuta haka. A ranar 20 ga Yulin 2016 shafin Stack Overflow ya tsaya na minti 34 saboda wani saƙo mai ɗauke da kusan gurabe 20,000 a jere, wato sarari ba harafi, kuma ƙa'idar da ke share gurbin ƙarshen layi ta riƙa komawa baya tana sake ƙirga su daga kowane matsayi.

Maganin wannan komawa baya shi ne dabarar Knuth, Morris da Pratt, wadda aka buga a 1977, ko da yake Morris da Pratt sun rubuta ta tun 1970. Tushenta shi ne: abin da ka riga ka karanta ka san shi, to me zai sa ka sake karanta shi? Hausa na da kalmomin da suka dace da nuna wannan, saboda yawan ninka gaɓa. Ɗauki "ɗanɗana", haruffa 7. Kafin a soma bincike ana gina ɗan jadawali: a kowane matsayi, mene ne tsawon guntu mafi tsawo da yake farkon kalmar kuma yake ƙarshen abin da aka karanta zuwa nan? A ɗ, ɗa da ɗan babu, sifili ne. A ɗanɗ akwai 1, wato ɗ. A ɗanɗa 2, a ɗanɗan 3, a cikakkiyar kalmar kuma sifili. Jadawalin ke nan: 0 0 0 1 2 3 0.

A ce wani ya yi tuntuɓen hannu ya rubuta "ɗanɗanɗana". Haruffa 6 na farko sun dace, a na 7 muna jiran a sai muka ga ɗ. Hanya mai sauƙi za ta koma harafi na 2 na rubutun ta sake. Wannan dabarar kuwa jadawali za ta duba, ta ga 3: haruffa 3 na ƙarshe da aka karanta su ne "ɗan", kuma su ne farkon abin nema. Sai ta zame abin nema gaba da taki 3, yatsanta na nan a kan harafi na 7 bai motsa ba, ta gwada shi da harafi na 4 na abin nema. Ya dace, ta ci gaba har ƙarshe. Tunda yatsan ba ya komawa baya, gwajin ba zai wuce ninki 2 na tsawon rubutun ba. Misalin nan na biliyan 1 ya dawo ƙasa da miliyan 2. Kuskuren da aka fi yi wajen rubuta ta shi ne a duba jadawali sau ɗaya kawai bayan saɓani. Dole a yi ta dubawa har sai harafin ya dace ko an kai sifili. Na biyu, bayan an gano kalma kada a mayar da ƙirga sifili kai tsaye, a ɗauki lambar ƙarshe ta jadawali, in ba haka ba za a rasa dacewar da ta hau kan wata.

Gaskiyar magana, a rubutu na yau da kullum wannan dabarar ba ta cika fin mai sauƙin sauri ba. Amfaninta tabbaci ne, da kuma cewa tana iya aiki a kan rubutun da ke kwararowa ba tare da an adana shi ba. Wadda ke da sauri a zahiri ita ce ta Boyer da Moore, ita ma 1977, da sauƙaƙƙen nau'inta da Horspool ya fitar a 1980. Ita daga ƙarshen abin nema take soma gwaji, kuma tana tsallake haruffa ba tare da ta ko kalle su ba.

Ga yadda take. Abin nema "makaranta", haruffa 9. Ga kowane harafi ana rubuta nisansa daga ƙarshe, a bayyanarsa ta ƙarshe, ban da harafin ƙarshen kansa: t 1, n 2, a 3, r 4, k 6, m 8, duk wani harafi da ba ya cikin kalmar kuma 9. Rubutun shi ne "yara sun tafi makaranta da safe". Ɗora kalmar a farko, ka dubi abin da ke ƙarƙashin harafinta na 9: gurbi ne. Babu gurbi a makaranta, sai a yi tsalle 9 gaba ɗaya. Yanzu "a" ce a ƙarƙashi, ta dace, amma na bayanta k ce ba t ba, sai tsalle 3. Sai n, tsalle 2. Nan kalmar ta zauna daidai, gwaji 9. Jimla gwaji 13, inda hanya mai sauƙi za ta yi 23. Kuma gwargwadon tsawon abin nema gwargwadon nisan tsallen. A gina jadawalin a kan bayit, gurabe 256, ba a kan haruffan Unicode ba. Babu haɗarin dacewar ƙarya, domin an gina UTF-8 ta yadda bayit na tsakiyar harafi ba zai taɓa kama da farkon wani harafi ba.

Akwai wani abu game da Hausa a nan da ya cancanci a lura da shi. Mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma a ta fi kowane yawa. Ke nan gwajin farko na Horspool yana faɗawa kan harafin da ya fi kowane saurin dacewa, kuma tsallensa gajere ne, kamar yadda muka gani da 3 ɗin nan. Gyaran shi ne a soma gwaji da harafin da ya fi ƙaranci a cikin abin nema. A makaranta gara a nemi r ko t tukuna. Idan kalmar na da ƙ ko ɓ, bayit ɗinta na biyu ya fi kowane dacewa da wannan aikin. A ƙirga yawan kowane bayit daga rubutun Hausa na gaske, kada a ari jadawalin da aka gina daga Ingilishi. Amma kafin ka rubuta naka, ka sani ɗakunan karatun manhaja sun riga sun yi nisa: strstr, umarnin neman jere na glibc, ɗakin karatun harshen C, yana amfani da dabarar Crochemore da Perrin ta 1991, Python ma ya ɗauke ta don dogayen jere tun sigar 3.10. Ga kalma ɗaya a fayil ɗaya, kira abin da ke akwai.

Idan kalmomin nema suna da yawa, misali kana so ka gano sunayen ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya a cikin labarai, ba za ka bi rubutun sau 774 ba. Alfred Aho da Margaret Corasick sun warware wannan a 1975 a Bell Labs: a zuba dukkan sunayen cikin bishiya guda ta haruffa, inda masu farko iri ɗaya ke tarayya a reshe, sannan a sa wa kowane reshe hanyar komawa irin ta jadawalin ɗanɗana. Bi ɗaya ya isa, ko sunayen nawa ne. Abin da dabarar ba za ta yi maka ba shi ne sanin ma'ana. A cikin ƙananan hukumomi 44 na Kano akwai Kura, Rogo, Gaya da Dala. Idan ka ƙanƙanta haruffa ka sauke ƙugiya, ƙurar hunturu, rogon da aka dafa, "ya gaya mini" da dalar Amurka duk za su zama garuruwa. Ga irin wannan aikin a bar manyan haruffa da ƙugiya yadda suke, a duba iyakar kalma, a kuma nemi shaida a kusa, kamar "ƙaramar hukumar" ko "garin".

Sai kuskuren rubutu. Vladimir Levenshtein ya kawo ma'auninsa a 1965: tazarar kalma biyu ita ce mafi ƙarancin gyara, na sakawa, cirewa ko musanya harafi, da zai mayar da ɗaya ta zama ɗayar. Ana lissafa ta da jadawali, kalma ɗaya a sama ɗaya a gefe. Layin farko da ginshiƙin farko 0, 1, 2, 3 ne haka. Kowane gida kuma mafi ƙanƙanta ne cikin uku: na samansa a ƙara 1, na gefensa a ƙara 1, ko na kusurwa a ƙara 1 idan haruffan sun saɓa, sifili idan sun dace. Gidan ƙarshe shi ne amsa. Layi 2 kawai ake buƙatar riƙewa a lokaci guda. Wannan karon a yi lissafin a kan haruffa, ba bayit ba, domin a bayit tazarar k da ƙ 2 ce, sai "kasa" ta fi kusa da "kaza" fiye da "ƙasa".

Ko a kan haruffa ma ma'aunin bai san Hausa ba. Baki da baƙi tazara 1, baki da biki ma 1, baki da baka ma 1. Kalmominmu gajeru ne, baƙi da wasali, baƙi da wasali, don haka kowace tana da maƙwabta da yawa: kasa, kaza, kara, kaya, kafa, kama. Elasticsearch idan aka bar shi ya zaɓa da kansa yana yafe gyara 1 ga kalma mai haruffa 3 zuwa 5, gyara 2 ga wadda ta fi haka. Ga Hausa ina ganin wannan ya yi sassauci da yawa a gajerun kalmomi. Gara a sa wa gyare-gyaren farashi daban: musanya k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, saka ko cire hamza, da ninka baƙi kamar a "hanu" da "hannu", kowanne 1, sauran duka 4. Sai a ce kalma mai haruffa 4 ba a yafe mata fiye da 2 ba, doguwa kuma har 5 ko 6.

A nan lissafin siffofi ke shigowa. Don kada a gwada kalmar nema da kowace kalma a ƙamus, akan yi amfani da bishiyar Burkhard da Keller ta 1973, wadda ke yanke rassa bisa dokar alwatika: tafiya kai tsaye daga A zuwa C ba za ta fi tafiya ta hanyar B tsawo ba. Idan ka sa k da ƙ 1, ƙ da q 1, amma ka bar k da q a 4, ka karya dokar, tunda ta hanyar ƙ 2 ne kawai. Bishiyar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta yanke reshen da amsar ke ciki, ta dawo da sakamako mai giɓi, kuma wannan kuskure ne mai wuyar ganowa. Duk lokacin da aka canza farashi a bi kowane haruffa uku a tabbatar da dokar. Wata hanyar tace kalmomi ita ce gutsuren haruffa uku-uku. Makaranta na da 7: mak, aka, kar, ara, ran, ant, nta. Gyara 1 ba zai lalata fiye da 3 ba, saboda haka duk kalmar da ba ta tarayya da ita a aƙalla 4 ba, ba sai an ɓata lokacin cika mata jadawali ba.

Akwai iyakar da babu ma'aunin haruffa da zai tsallake. Doki da dawaki, akuya da awaki, mace da mata, ɗa da 'ya'ya: wannan aikin jerin kalmomi ne da mai jin harshen zai rubuta. Ɗafa-ƙeyar -n da -r ma haka. Yanke su yana haɗa gidan da gida, makarantar da makaranta, amma yana mayar da biyar ta zama biya, har ta zama ha. Ko ka ce sai in ragowar kalma ce ta gaske za a yanke, biya kalma ce ta gaske. Dole a keɓe irin waɗannan da hannu.

Idan rubutun ya kai girman da bin sa kowane lokaci ba zai yiwu ba, sai fihirisa. Wanda Udi Manber da Gene Myers suka gabatar a 1990 jeri ne na dukkan wutsiyoyin rubutu, wato abin da ya saura daga kowane matsayi zuwa ƙarshe, bisa tsarin abacada. A "kakaki", in an soma ƙirga daga sifili, jerin shi ne akaki, aki, i, kakaki, kaki, ki, wato 1 3 5 0 2 4. Duk wutsiyoyin da suka soma da "ka" suna maƙwabtaka, sai a nemo su ta hanyar raba jerin biyu-biyu, kusan taki 30 ga haruffa biliyan 1. Farashinsa wuri ne: bayit 4 ga kowane matsayi, ban da rubutun kansa. Matsattsen nau'insa, wanda Ferragina da Manzini suka gina a 2000 a kan juyin Burrows da Wheeler na 1994, shi ne a cikin Bowtie da BWA, manhajojin da ke neman gutsuren DNA a cikin haruffa kusan biliyan 3 na ƙwayar halittar ɗan Adam. Ga taskar jaridu ko littattafan Hausa, fihirisar kalmomi ta yau da kullum tare da ta gutsure uku-uku ta wadatar.

Abu na ƙarshe da ke lalata aiki bayan an gama komai shi ne haska sakamako. An yi bincike a kwafin da aka gyara, amma asalin rubutun ake nuna wa mai karatu, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne: ƙ mai bayit 2 ta koma k mai 1, lanƙwasasshiyar hamza mai bayit 3 ta koma mai 1, k' mai haruffa 2 ta koma harafi guda. Idan ka ɗauki matsayin da aka samu a kwafi ka ɗora a kan asali, hasken zai riƙa zamewa baya kaɗan-kaɗan da kowace ƙugiya da aka wuce, a ƙasan shafi ya sauka a kan wata kalma daban, wani lokaci ma ya yanke harafi a tsakiya ya bar alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. Yayin da ake gina kwafin, a riƙa cika wani jeri a gefe: ga kowane harafin kwafi, a ina ya soma a asali. Farkon haske shi ne abin da jerin ya nuna a harafin farko, ƙarshensa kuma abin da ya nuna a harafin da ke bin na ƙarshe, don haka a ƙara gida ɗaya a ƙarshen jerin mai ɗauke da tsawon asalin. A gwada shi da layi guda da ya ƙunshi Ƙasa, k'asa, bid'a, 'ya'ya mai hamza iri biyu, ɗaya da aya, a sa kalmar da ake nema a can ƙarshen layin, bayan dukkansu.